Zoben Marigayiya

A bencin jira na wani asibitin Abuja, Ishaya, akawun da gwamnati ta kwaso daga Legas, yana kokawa da zoben aurensa. Wata mai sayar da kifi a kasuwar Kado tana kallonsa.

"Baba, za ka karya yatsa!"

"Likita ya ce sai na cire. Injinsu maganaɗisun zuciya yake saurare, ƙarfe kuwa danne shi yake."

"Ungo man shafawa. Madam ba za ta yi faɗa ba?"

"Ta rasu bara."

"Ayya, sannu."

Zoben ya zame. Ishaya ya murmusa.

"Shekara talatin, in tana kusa ba a jin tawa. Ashe har yanzu."

"To, yau za a ji ka."

"Minti goma kawai, 'yata. Riƙe min shi, kada ki yi nisa."