Eh Ɗin Auta Ba Amincewa Ba Ne

Shugaban ƙungiyar teloli, sakatare, dattawan sana'a da ke zaune a gaba, iyaye mata 'yan'uwana, da ku samarin da kuka tsaya a bakin ƙofa kuna latsa waya, sallama gare ku baki ɗaya. Na gode da aka ba ni wuri, ko da yake ni ba tela ba ce. Uwar tela ce ni, uwar Auta, mai keken ɗinkin da ke gefen taga a shagon ƙungiya. An ce in zauna in yi magana. Ba zan iya zama ba.

Yau za ku yanke shawarar ba wani gurbin Auta da kekensa, domin wai shi da bakinsa ya amince. Na zo in gaya muku bai amince ba.

Na farko, ku ji abin da ya same shi. Kun san babur ya kayar da shi, kansa ya bugi gefen titi ta hagu. Likitar da ke duba shi ta yi mini bayani, na sa ta maimaita har sai da na gane. Ta ce magana a ƙwaƙwalwa ake haɗa ta, harshe ɗan aike ne kawai. Akwai wurin da ke gane abin da aka faɗa, akwai wurin da ke zaɓo kalma ya miƙa wa baki. Na farkon lafiya lau yake a kan Auta, na biyun ne ya ji rauni. Yana jin ku, yana gane ku, ya san abin da yake so, amma in ya je ɗauko kalma sai ya ɗauko maƙwabciyarta. Yana son almakashi, sai ya ce allura. Zagi ne kaɗai bai ɓace masa ba, shi kam tsaf yake fitowa, har yayarsa ta ce masa, "Wato duk abin da Mama ta hana ka, shi ka adana."

Na biyu, eh da a'a, su ma maƙwabta ne. Wata safiya na tambaye shi ko zai sha shayi, ya ce a'a. Na ɗauke kofi, sai ya damƙe mini hannu, idonsa a kan kofin, bakinsa yana ta a'a, a'a. Tun ranar nake kallon idonsa da hannunsa kafin in yarda da bakinsa.

Ku fa, me kuka kalla? Sakatare, kai ka je gidana da mutum biyu, ina kasuwa. Kuka tsaya a kansa, ba wanda ya zauna, kuna ɗaga murya sai ka ce kurma ne. Ka ce masa, "Auta, a ba wani kekenka?" Ya ce eh. Kuka yi masa sannu kuka fita. Yayarsa ta ce tun fitarku yake dukan katifa, ya ture abinci, yana nuna ƙofa yana eh, eh, hawaye na zuba. Wannan ce amincewar da kuka kawo wa taro?

Ban ce mugunta kuka yi ba. Gaggawa kuka yi, kuma gaggawa a kan marar lafiya rashin tarbiyya ce. Ku da mai kaya zai ce muku riga ta yi masa daidai, ku ƙi yarda sai kun duba kafaɗa da idonku, yau ku ne kuka karɓi kalma ɗaya kuka juya baya? Ku kuma samari, abokan shan dariyarsa, ina kuka shige? Likita ta ce hira ce ke taimakon magana ta dawo: tambaya gajera, ɗaya bayan ɗaya, sannan a jira. A jira, na ce, ba a ƙarasa masa zance ba.

Ga roƙona. Auta yana waje, zaune a benci tare da yayarsa. Kada ku tambaye shi komai. Ku buɗe shagon, ku matsa gefe, ku ga inda ƙafarsa za ta kai shi. In ya wuce keken bai tsaya ba, ku ba wanda kuka ga dama, ba za ku sake jin bakina ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana kawunanmu da harsunanmu, ya ba wannan taro haƙurin jiran wanda bakinsa ya yi nauyi. Shugaba, makullin shagon a wurinka yake.

Na gode.