Agogon da Aka Bar wa Inno a Rabon Gado

Tashar Gwarzo, muna jiran motar Kabo ta cika. Tun rasuwar matata na rage magana, na koma saurare. Kusa da ni wata dattijuwa ce da agogon maza a hannu, da wani dillalin tsofaffin kaya daga Kano da ya kasa ɗauke ido daga kansa.

"Hajiya, wannan ai ya tsufa. Kawo in musanya miki da sabo mai ruwan zinare."

"Inno sunana, ban je Makka ba. Na maigidana ne, wanzami. Da ya rasu, 'yan uwansa suka kwashe gonakin Getso, suka ce wannan ne rabona."

"Batirinsa ma ya mutu."

"Ba shi da batir, yaro. Da shi a hannu nake daka gero, motsin hannu ke tashe shi."

"Daka? Innalillahi! Agogon da ke ɗauke da hatimin sarki a fuskarsa? Turawa rububin irinsa suke yi, ya fi gonaki goma..."

Sai ya kama bakinsa.

"Hatimin sarki? Shekara bakwai ina zaton tambarin kamfani ne."

"Wato, ina nufin... in ba takardar shaidarsa, ba mai yarda."

"Takarda mai wannan zanen? Tana ƙasan akwati, na naɗe allura da ita." Ta ja mayafi ta rufe hannun, tana dariya har da hawaye. "Direba, sauke min kayana. Getso za ni, in gaida 'yan uwan maigida!"