Tun da kaina ya bugu, biyu nake gani

Assalamu alaikum jama'a, sannunku da aiki. Ni ne Sanusi, mai keke napep a Jega.

Watan jiya na faɗi da babur a hanyar Aliero, kaina ya bugi kwalta har na suma. Raunin ya warke, amma komai biyu nake gani. Ran kasuwa wata yarinya ta gifta gaban kekena, na ga yara biyu, na rasa wadda zan kauce wa. Da ƙyar na taka birki. Fasinjata ta yi salati, ta ce, "Malam, ba ka gani ne?" Tun ranar na ajiye keken.

A asibiti an ce sai ƙwararren likitan ido. Jama'a, wa ya taɓa samun irin wannan? Sakkwato zan nufa ko Birnin Kebbi? Tsorona kada in makara.