Tuwon Biki ko Tuwon Mauludi?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gajiya, ina iyali? Ni ce Hajara daga Maradun.

Mun sa ranar auren ɗiyata ba mu lissafa kwanan wata ba, ashe ranar Mauludi ce. Uban ango, Malam Sani na Bakura, ya aiko cewa, "Zan zo ɗaurin aure, amma ba ni cin tuwonku, kada a ce na ci na Mauludi." Maigidana ya rantse ba ya ɗage ranar.

Wallahi su biyun duk tausayi suke ba ni. Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonarmu, hatsin Malam Sani munka ci har kaka. Yau shi za ya bar gidanmu da yunwa? Jama'a, ku ba ni shawara.