Ƙofar da Kakanta Ya Buɗe

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Isufu, daga wani ƙauye mai tsohuwar ganuwa a ƙasar Konni. Na daɗe ina shakkar rubuto wannan.

Da Nasara suka kewaye garinmu, mai tsaron ƙofa ne ya buɗe musu. Suka ƙone rumbuna, suka cika rijiya da gawarwaki. Tun ran nan zuriyarsa ba ta kwana cikin ganuwa.

Bana ruwa ya cinye ɗakin jikanyarsa, tsohuwa Inna Hajo. Ta durƙusa gaban dattawa tana roƙon kango ɗaya, cikin waɗanda awaki ke kwana. Yayana Sale ya ce, "Inna, ba ku ne gwanayen buɗe ƙofa ba? Je ki Nasara su ba ki ɗaki." Aka kwashe da dariya. Ta ɗauki tabarmarta ta koma bayan ganuwa.

Ina da ɗakin da ba kowa. Sale ya rantse in na shigo da ita, ba ni ba shi, don kakan babanmu na cikin rijiyar nan.

Malam, me zan yi? A taimaka a amsa mini yau. Tari ya kama ta, ga hadari na haɗuwa a gabas.