Ƙofar Ofishin Marigayiya

A ɗakin jira na wata ƙungiyar tallafa wa matan da mazansu suka rasu, wani kafinta ya jingina sabuwar ƙofa da bango, ya zauna kusa da wata dattijuwa.

"Ɗan nan, ina za a kafa ƙofar?"

"Ofishin shugaba, Inna. Sabon shugaban ya ce mata suna faɗo masa ko sallama babu."

"Ka san me ya sa ofishin ba shi da ƙofa? Marigayiyar da ta kafa wurin nan ita ta sa aka cire. Cewa ta yi macen da dangi suka sha rufe wa ƙofa ba ta da sauran ƙarfin ƙwanƙwasa wata."

"Ni dai aiki aka ba ni."

"Ai ban ce ka yi laifi ba. Hannunka da kyau kuwa. Wa ya sa ka a sana'a?"

"Mahaifiyata, da ɗinkin da take yi. Keken ma a nan aka ba ta bayan rasuwar babanmu."

"Allah sarki. Yaya aka yi ta zo?"

"Ta ce ta sha zuwa tana juyawa don kunya. Ran nan marigayiyar ta hango ta daga kujerarta, ta yafito ta da hannu."

"Ta ina ta hango ta?"

Kafinta ya sunkuyar da kai, yana ta murza ƙusa a tafin hannunsa.

"Har da sakata aka ce ka sa?"

"Har da sakata, Inna."