Yako, Tonton Gaggawa

IKLIMA: Alo? Salamu alaikum.

LUKUMANU: Alo! Iklima? Kina ji na?

IKLIMA: Kawu Lukumanu! Ina wuni?

LUKUMANU: Lafiya lau. Ya unguwarku Treichville, ya sauran Abidjan? Ya mamanki da ƙafar?

IKLIMA: Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya Adjamé, ya fasinja? Ya Tanti Sakinatu?

LUKUMANU: Tantinki tana nan, bakinta ma lafiyarsa ƙalau. Ya makaranta? Ya ruwan jiya?

IKLIMA: Ya shiga mana har tsakar gida. Kai ya jiki?

LUKUMANU: Jiki? Ai ke zan tambaya, tunda ke kika binne shi.

IKLIMA: Na'am?

LUKUMANU: Tun safe ina zaune a tagar tikiti, samari suna layi. Na ce yau motar Yamai za ta cika da wuri. Ashe ba mai tafiya ko ɗaya! Kowa ya zo sai ya kama hannuna, “Yako, Tonton, yako.” Gaisuwar makoki fa! Na ce wa ya rasu? Suka ce kai!

IKLIMA: Wayyo Allah, Kawu...

LUKUMANU: Dariya kike yi? A ina aka taɓa yi wa gawa ta'aziyyar kanta? Mai sayar da abincin garba ta ƙofar tasha ta gan ni ta saki faranti ta ruga!

IKLIMA: Ba kai ba ne fa, Tonton Gaggawa ne. Mutumin cikin zanena, wanda nake sawa a bulog.

LUKUMANU: A bulo? Har kabarin da bulo kika gina?

IKLIMA: Bu-log, Kawu! Shafin intanet, wanda ake buɗewa a siber, shagon kwamfuta.

LUKUMANU: To wannan Gaggawan naki, hular wa ya sa? Wushiryar wa gare shi? Wa ke sayar da tikitin Yamai a Adjamé da biro a bayan kunne? Ko akuya ta gani ta san ni ne.

IKLIMA: Amma ai kai ka ce in cire ka. Ranar sunan ɗan Bilya, gaban kowa, ka ce ka gaji da yara suna kwaikwayon tafiyarka.

LUKUMANU: Cirewa na ce! Ki tura ni Makka mana, ko ki ba ni shago a Bouaké. Kuma a rasa abin da zai kashe ni sai buhun albasa?

IKLIMA: Daga saman mota ya faɗo, ka ture yarinya ka tare shi. Mutuwar jarumi ce.

LUKUMANU: Jarumi da albasa! An nuna min takardar, shafin baƙi ƙirin, ruwa na zuba, takalmina ɗaya a kwata. Da can zanenki dariya ne, ina bin fasinja da gudu, kaji na tashi. Yanzu wata biyu kenan sai duhu da mutane masu dogon wuya.

IKLIMA: Kawu, bayan tashin hankalin da muka gani a garin nan bana, in na zauna zan zana dariya hannuna ƙi yake.

LUKUMANU: Uhm. To... ai shi ya sa ake son dariyar. Alo? Gbaka ce, ƙaramar bas, ke hon. Kai! Aprenti, yaron mota! Ka ja can, ana maganar mutuwa!

IKLIMA: Masu karatu ma sun rabu biyu. Komanter har sun fi...

LUKUMANU: Kwamanda? Soja ya shigo maganar?

IKLIMA: Komanter! Ra'ayin da mutane ke rubutawa a ƙasan zanen. Wasu sun ce yanzu ne na girma, rayuwa haka take. Wani daga unguwar Marcory ya ce in ya gan ni a tasin woro-woro zai sauka. Wasu 'yan Koumassi sun ce za su yi maka sadakar uku da aloko, soyayyar ayaba.

LUKUMANU: Da aloko? Ba ko ƙosai?

IKLIMA: Wani kuma ya rantse ba ka mutu ba, wai a hoto na ƙarshe yatsan ƙafarka ya motsa. Tawada ce ta ɗiga min.

LUKUMANU: Allah ya yi wa wannan albarka! Shi za ki bi. Iklima, ba roƙo nake ba, umarni ne: gobe ki tashe ni. Ki ce suma na yi. Ba na son labarin nan ya hau mota ya kai wa Yaya Hajo a gida, ta taho da tabarmar zaman makoki.

IKLIMA: Kawu, in na tashe ka wa zai ƙara yarda da zanena? Wanda ya mutu ya mutu.

LUKUMANU: Ga shi kina waya da shi! Yi sauri ki amsa, inite ɗina, kuɗin wayar, sun kusa ƙarewa.

IKLIMA: Kai ma kamar “Wax Treich”. Ita ce ta fi kowa tayar min da hankali, kullum sai ta rubuta.

LUKUMANU: Wace ce kuma?

IKLIMA: Wata mai sayar da atamfa. A kasuwar Treichville. Rumfarta na kallon siber.

LUKUMANU: Masu atamfa a kasuwar nan sun fi ƙuda yawa. In Tantinki kike nufi, sauka daga wannan motar. Matar da ko jiya ta ce min rediyo marar makunni? Da aka ce na mutu ai shayi za ta ƙara wa sukari.

IKLIMA: To bari in karanta maka, da Faransanci ta rubuta, zan juya. “Ke mai zane, ba ki da kunya. Mutumin nan surutu ne da shi, ga rowar kifi, ga minshari...”

LUKUMANU: Kin ji ko! Wannan zagi ne, ba makoki ba.

IKLIMA: Tsaya mana. “...ko a barci sai ya yi ta kiran Yamai, Yamai, saura mutum ɗaya.” Kawu, ni ban taɓa zana ka kana barci ba.

LUKUMANU: ...

IKLIMA: Alo? Layin ya yanke?

LUKUMANU: Ina ji. Ƙura ce ta shigar min ido. Ci gaba.

IKLIMA: “Tun ina budurwa nake jin wannan kiran, ban taɓa gaya masa ba: mutum ɗayan nan shi ne. In babu shi, motar gidanmu ba ta tashi. Ki dawo min da shi ko in zo har gidanku in karya fensir ɗin.”

LUKUMANU: Sakinatu? Ita ta rubuta haka? Gaban duk Abidjan?

IKLIMA: Na faɗa wa Mama, ta ce in yi shiru. Shi ke nan, Kawu, kun yi nasara. Ba don 'yan Marcory ba, don ita. Yau zan zana yatsan nan yana motsi.

LUKUMANU: Ke! Tsaya! Wa ya aike ki?

IKLIMA: Ba kai ka ce gobe...

LUKUMANU: Gaggawar me kike yi? Ai gaggawa aikin shaiɗan ne. Kin ce kullum take rubutawa?

IKLIMA: Kullum bayan la'asar.

LUKUMANU: To bar ni a kwance zuwa Juma'a. Ki ƙara ruwan saman, ki sa ɗaya takalmin ma ya bi kwata. In na tashi yanzu, rediyo marar makunni zan koma.

IKLIMA: Kawu! Matar tana kuka a siber fa!

LUKUMANU: To zuwa Laraba. Zan kai mata kifi babba yau, ba za ta san dalili ba. Yanzu maza sake karanta min wurin nan, a hankali, daga “mutum ɗayan nan sh...”

IKLIMA: Alo? Kawu? Alo! ... Allah ya jiƙan inite.